Malam Kefas da Doguwar Eriya

A shekarar babban fari, 1973, aka turo Kefas zuwa Dutsin-Ma daga ofishin kula da dabbobi. Mutumin Kagoro ne, dogo, siriri, mai tafiya yana ɗan sunkuyar da kai kamar yana neman abin da ya yar. Aikinsa allurar shanu. Tun da sassafe yake ɗaure akwatin magani a bayan babur ya nufi rugagen Makera, ko ya miƙe Kurfi ya ratsa ta Birchi da Rawayau, sai la'asar sakaliya ya dawo yana warin maganin kaska. Fulani suna kiran sa Likita, mutanen gari kuma Malam Kefas. Lokacin da cutar bushiya ta faɗo wa garkuna, shekara goma bayan zuwansa, sai da ya yi wata biyu bai kwana a gadonsa ba. Har yau akwai dattawan da za su nuna maka saniya su ce uwarta a hannun Kefas ta tsira.

Gidan da ya kama haya na Alhaji Manu ne, dillalin shanu. Asali gida ɗaya ne aka raba shi biyu da katanga. Alhaji da matarsa Lauratu da tsohuwarsa Hajiya Sauda suna babban sashe, Kefas da matarsa Dina da 'yarsu Mabel suna ƙaramin, kowa da ƙofarsa. Shekara goma sha biyar suna haka. Dina tana shiga wurin Lauratu kamar ɗakinta. In Sallah ta zo, cinyar rago ce take zagayowa ta ƙofa. In Kirsimeti ya zo, Kefas da kansa yake riƙe kaji ya kai wa Alhaji ya yanka, don in an dafa shinkafa maƙwabta su ci ba tare da ɗar-ɗar ba.

Halin Kefas ke nan, yana gudun ya takura wa mutum fiye da yadda yake gudun maciji. In ya dawo da wuri ya tarar ana sallah a bakin layi, tun daga nesa yake kashe babur ya turo shi da hannu.

Tun 1981 yake da talabijin, baƙi da fari, da 'yar gajeriyar eriya a kan gora. Hoton ba wani hoto ba ne, kamar kana kallon mutane ta cikin ruwan sama, amma bai dame shi ba, labarai yake saurare. Sai a daminar 1988 wasiƙa ta zo daga Mabel, wadda take karatun jinya a Kano. Ta ce 'yan gidan talabijin sun zo sun ɗauki ƙungiyar waƙa ta cocinsu, ita ma tana ciki, za a nuna su wata ranar Lahadi da yamma, amma ba a faɗa musu wace Lahadi ba. Kefas ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ninke ta ya sa a aljihu. Kashegari bai je ruga ba, Katsina ya nufa.

Ya dawo da doguwar eriya mai haƙarƙari goma sha huɗu, da naɗin waya, da busta, wato ɗan akwatin da ake ɗaurawa a wuyan eriya don ya ƙara mata ƙarfin janyo tasha. Ya kai faif biyu na ruwa wurin mai walda aka haɗa su suka zama sanda ɗaya doguwa. Audi mai gyaran rediyo, wanda shagonsa yake daura da gidan, ya taso ya zagaya kayan yana taɓawa.

Ya ce, "Malam Kefas, wannan ba allurar saniya ba ce fa. Ka bari in ɗaura maka."

Kefas ya ce, "Kada in raba ka da aikinka, Malam Audi. Takardar tana da zane, zan bi a hankali."

Shi a ransa sauƙi ya yi wa Audi. Audi kuwa ya koma shago yana jin an raina shi a gaban mutane.

Kowa a garin ya san ba a hawa rufi haka kawai. Wanda ya hau sama yana ganin tsakar gidan mutane, inda mata suke daka da wanki da shan iska babu gyale. Saboda haka kafin a jingina tsani sai an aika gida-gida, sannan mai hawan ya ɗaga murya ya ce za a hau sama, mata su shige ɗaki har ya sauko. Kefas ya san wannan sarai. Ranar ɗaurin, Dina ta shiga gidaje huɗu ta faɗa, shi kuma ya tsaya gindin tsani ya yi kira sau uku.

Sandar ta yi tsawon da ba za ta tsaya ita kaɗai ba, sai an ja ta da wayoyi uku. Ɗaya ya ɗaure a mangwaron tsakar gidansa, ɗaya a dirkar madafa. Ta uku kuwa dole ta haura katanga ta faɗa sashen Alhaji. Ya nemi izini, Alhaji ya ce babu komai, a jefo masa ita shi zai ɗaure da kansa a jikin bedin da ke tsakar gidansa. Alhaji Manu gajere ne mai jiki, ko jaki ba ya son hawa, balle itace. Iyakar inda hannunsa ya kai nan ya naɗe wayar, ya karkaɗe hannu ya tafi kasuwa, bai ce wa kowa a gidan ga abin da take yi ba. Kefas bai taɓa ganin inda aka ɗaure ta ba, ya dai ja ya ji ta yi tauri.

Daga nan wahala ta fara. Da farko ya haɗa wayar busta a juye, sai ƙauri ya tashi, ya sake komawa Katsina. Da aka sa sabo, sai ya zama ya janyo komai har da abin da ba a nema. Kefas yana kan rufi yana murɗa sanda, Dina tana ɗaki gaban akwatin tana ba shi labari ta taga.

"Maman Mabel, ya fito?"

"Bai fito ba! Ƙudaje ne kawai!"

"Yanzu fa?"

"Tsaya! Tsaya nan, ga mutum! A'a, Faransanci yake yi. Baban Mabel, ka kai mu Maraɗi!"

"To yanzu?"

"Koma baya kaɗan. Kaɗan na ce! Kai da ake ce maka kaɗan sai ka juya kamar mai tuƙa tuwo."

Ana gab da magariba suka samu Kano, tar kamar a madubi. Kefas ya ɗaure ƙusoshin maƙalin sandar iyakar ƙarfinsa, ya sauko, ya ce an gama, mata su fito.

Kwana uku hoton ya yi kyau. A na huɗu ya koma ƙudaje. Kefas ya sake aikawa, ya sake kira, ya hau, ya tarar eriyar ta karkace kaɗan. Ya gyara. Bayan kwana biyu ta sake. Ya sake aikawa. A karo na huɗu ne Lauratu ta tare Dina da wasa.

Ta ce, "Maman Mabel, ke dai mijinki ya zama tsuntsu. Jiya tuwona ya kama ina ɗaki ina jiran ya sauko. Hajiya ta ce in ya ƙara hawa a miƙa masa tabarma da filo ya tare can gaba ɗaya."

Suka yi dariya har da tafawa. Dina ta zo gida ta maimaita tana dariya. Kefas bai yi dariya ba. Abin da ya ji shi ne, saboda kallonsa tsohuwa tana barin inuwa ta shige ɗaki da zafi, abincin mutane yana ƙonewa. Sai ya yanke shawara a ransa, ba tare da ya gaya wa kowa ba, cewa ba zai ƙara ta da mata ba. Zai riƙa hawa shiru ta ɓangaren titi, ya ba gidan Alhaji baya, ya ja malfa har gira, ya murɗa ya sauko kafin a kai tulu rijiya. Kuma ya zaɓi ranakun da ya dawo da wuri, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da maza ba sa gida, don kada ya cika musu ido da hawa da sauka.

Mata a tsakar gida ba su ji kira ba, ba su kuma ɗaga kai ba. Amma daga titi kowa yana ganin sa.

A bencin ƙofar shagon Audi aka fara lissafa masa hawa. Audi yana riƙe da ƙarfen narka dalma, yana magana ba tare da ya dubi kowa ba.

"Ni dai shekara ashirin ina wannan sana'a, ban taɓa ganin eriyar da ake kiwo kamar akuya ba. Safe a duba ta, rana a duba ta."

Wani ya ce, "To mi yake nema can sama?"

"Wai tashar Kano."

"Wace Kanon? Ta gabas, ko ta bayan katangar Alhaji?"

Aka yi dariya, amma ba irin ta Lauratu ba. Wani ya lura cewa an daina kira. Wani ya lura da lokacin da ake hawan. Wani ya ce malfar ma ai dabara ce, ta hana a ga inda ido yake. Duk abin da Kefas ya yi don kada ya dami kowa, a bencin nan sai da aka samo masa wata fassara.

Shi kuma a nasa ɓangaren zargi ne ya cika shi. Ya ɗauko shuɗin fentin da yake shaida shanun da aka yi wa allura, ya ja layi daga sandar zuwa maƙalinta. Bayan kwana biyu layin ya rabu da faɗin yatsa biyu. Ya gyara, ya sake rabuwa, kullum ɓangare ɗaya. Ya ce ko iska ce, to amma ranar da aka yi hadari da guguwa layin bai motsa ba, sai ranar da gari ya yi tsit rana ta buɗe. Iska ba ta aiki haka. Hannu ne.

Ya barbaɗa toka a gindin bango ko zai ga sawu, bai ga komai ba sai na kaji. Ya sa sarƙa ya kulle tsanin. Ya fara tunanin Audi, ya rage fara'a in sun gaisa, abin da bencin ya ɗauka alamar mara gaskiya ce. Har Dina sai da ya tambaya ko tana bugun wayar da tsintsiya in tana shara, ta ce masa in ya gaji da zama da ita ya faɗa kawai. Daga ƙarshe zuciyarsa ta tsaya a kan cewa ta sashen Alhaji ake hawowa. Juya kai ɗaya a kan rufi zai nuna masa ko akwai tsani ko turmi a jingine da katangar. Sau da yawa wuyansa yana so ya juya, yana hana shi.

Wata safiya ya tarar da Alhaji yana shirin fita, ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, ina ganin kamar wani yana taɓa min eriyar nan."

Alhaji ya daɗe yana kallon sa. Maganar benci ta riga ta iso masa ta bakin mutum uku, yana ta kaucewa.

Ya ce, "A gidana babu mai hawa rufi, Malam Kefas. Mai hawa ɗaya ne a layin nan."

Ya hau kekensa ya tafi. Kefas ya tsaya yana juya maganar, ya fahimce ta a matsayin an ji haushi ya zargi iyalin mutum. Ɗaya ma'anar ko kusa ba ta zo masa ba.

Lahadi bakwai suka wuce ba su ga an nuna su Mabel ba. Ta takwas ta zo bayan kwana uku ana tafka ruwa, gari ya waye da rana fayau. Suka dawo daga coci, suka ci abinci. Da ƙarfe uku da rabi Kefas ya kunna akwatin don ya yi zafi, sai ƙudaje, ko inuwar mutum babu. Shirin waƙoƙin coci da ƙarfe huɗu yake farawa. Ya buɗe sarƙa, ya jingina tsani, ya hau babu ko takalmi.

Layin shuɗin ya rabu da faɗin tafin hannu, abin da bai taɓa yi ba. Ya kama sandar zai murɗo ta, ta ƙi. Ya kai hannu baya ya dafa waya ta uku don ya samu ƙarfi, sai ya ji ta yi nauyi kamar an rataya buhu. Yana riƙe da ita ta fizge, ta girgiza, sandar ta ƙara juyawa a tafin hannunsa. Ga mai yin abin nan yana yi, yanzu, a bayansa.

Kafin ya yi tunani kansa ya juya.

Wayar ta gangara daga rufi har jikin bedi, daidai kafaɗar mutum. A kanta an jera zannuwa jiƙaƙƙu, da rigunan Alhaji, da shimfiɗar gado. Lauratu tana tsaye ta ba shi baya, da ɗaurin ƙirji, kanta babu kallabi, tana ɗaga wani jiƙaƙƙen bargo tana ja don ya baje. Ba ta gan shi ba. Bai fi ƙiftawar ido biyu ba ya mayar da fuskarsa gabas. Wata biyu yana neman maƙiyi, ashe shanya ce.

Sai ya ji ƙarar itace a jikin kwano. Ya leƙa ɓangaren titi, ya ga Audi da wasu mutum biyu sun janye tsanin sun kwantar a ƙasa.

Audi ya ɗaga murya ya ce, "Zauna nan, Likita! Yau sai ka gaya mana tashar da kake kamawa!"

Yadda mutane suka taru ba zai faɗu ba. Kafin a je a kira Alhaji daga kara, kasuwar shanu, layin ya cika. Dutse na farko a kan kwano ya faɗi, ƙarar ta sa Dina ta fito a guje tana tambayar me ya faru, ba wanda ya amsa mata. Na biyu ya sami haƙarƙarin eriyar. Na uku ya sami Kefas a goshi. Bai kare kansa ba. Ya tsuguna a kan kwanon da rana ta gasa tun safe, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya, fuskarsa tana gabas, jini yana bin gefen hancinsa. A cikin masu kallo akwai waɗanda ya ceto wa garke. Akwai waɗanda suka ci shinkafarsa. Akwai masu takardar jami'a a aljihu, waɗanda suka san yadda eriya take aiki, suka kuma san mutumin tun suna yara. Ba wanda ya ce a mayar da tsanin. Wanda ya ga rawar ƙafafun nan a kan kwano ba ya mantawa da ita.

Fiye da rabin awa yana sama kafin Mai unguwa Labaran ya iso, tsoho mai sanda. Bai tambayi komai ba, ya nuna tsanin da sandarsa. Aka jingina. Kefas ya sauko da ƙyar, tafin ƙafarsa duk ya tashi.

Bayan sallar la'asar aka zauna a zauren Mai unguwa. Alhaji Manu yana gefe ɗaya, Kefas yana gefe ɗaya da tsumma a goshi, dattawa sun jeru jikin bango, sauran jama'a sun toshe ƙofa. Audi ya faɗi nasa, ya ce shi da idonsa ya ga an juya kai. Mai unguwa ya tambaye shi sau nawa. Ya ce kullum. Mai unguwa ya ce, daga shagonka, ta ƙarƙashin malfa? Aka aika a tambayi matan gidan ta bakin Hajiya Sauda, amsa ta dawo cewa su ba su taɓa ganin kowa yana kallon su ba, ba su ma san ana hawan ba.

Mai unguwa ya juyo ya ce, "Malam Kefas, mi ya sa ka daina kira?"

"Ranka ya daɗe, na ji an ce tuwo yana ƙonewa saboda ni. Na ga kamar ina wahalar da su."

"Sai ka ga gara su zauna a buɗe ba su sani ba?"

Kefas ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ya ji yadda abin yake a kunnen wani.

Alhaji Manu ya gyara zama. Da gani shi ma mafita yake nema. Ya ce, "Ranka shi daɗe, shekara goma sha biyar muna tare da mutumin nan, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. A ɗauko littafinsu. Ya dafa ya ce bai taɓa duban cikin gidana ba. In ya faɗa na yarda, magana ta mutu, duk wanda ya ƙara ta da ita ni da shi ne."

Aka aika, Dina ta kawo Littafi Mai Tsarki a naɗe cikin kallabi, ta miƙa daga bakin ƙofa. Aka ajiye a gabansa. Kefas ya dube shi. Lauratu ba ta gan shi ba. Shaidar Audi ta rushe. Kalma biyar zai faɗa ya koma gidansa, gobe ya kwance waya ta uku ya ce ta tsufa, ba mai sanin komai har abada. Ya ɗora hannunsa a kan littafin.

Ya ce, "Alhaji, tun da na daina kira, sau goma sha ɗaya na hau. Sau goma ban duba ba. Yau na duba."

Zauren ya ɗauki hayaniya, Mai unguwa ya buga sanda a ƙasa. Kefas ya ci gaba, bai ɗaga kai ba. Ya faɗi layin shuɗi, da tokar, da nauyin da ya ji a waya, da fizgar da ta sa ya juya. Ya ce shanya ake yi a kan wayar, nauyin jiƙaƙƙun kaya ne yake murɗa sandar. Bai ambaci sunan kowa ba, bai ce ya ga mutum ba, ba a kuma tambaye shi ba. Amma kowa a wurin ya san kaya ba sa shanya kansu.

Alhaji ya tashi ba tare da ya nemi izini ba, ya fita. Ba a jima ba ya dawo, gaban rigarsa a jiƙe inda ya goga da bargon. Ya zauna, ya ce, "Haka ne. Ni na ɗaure ta ƙasa." Bai dubi Kefas ba.

Mai unguwa ya yanke cewa babu mugun nufi, akwai dai kuskure babba. A sauke eriyar, Audi ne zai hau, da kira, tunda shi ya iya taɓa tsani. Waɗanda suka yi jifa kuma su ji kunya. Aka shafa fatiha aka watse.

Da maganar ta tsaya nan da an ce an rabu lafiya. Amma gaskiyar da ta wanke Kefas ita ce kuma ta tabbatar wa gari abin da yake son ji. A kasuwa ba wanda ya riƙe sau goman, sau ɗayan aka riƙe. Lauratu ta daina fitowa ko zaure, ta yi ta kuka tana cewa da an gaya mata amfanin wayar da ko ƙyalle ba za ta rataya ba. Alhaji in ya shiga kara sai hira ta yanke. Mabel ta rubuto cewa an nuna su tun Lahadi ta shida, a wani lokaci dabam da wanda aka saba, kuma a layin baya take, rabin fuskarta kawai ya fito.

Ranar da abin ya cika kwana tara Alhaji ya yi sallama a ƙofar Kefas da goro a hannu. Suka zauna a dakali. Ya ɓare goron ya miƙa masa rabi.

Ya ce, "Malam Kefas, ni na san kai ba macuci ba ne. Da kai macuci ne da ka dafa littafin ka faɗi abin da na roƙe ka ka faɗa."

"Na so in faɗa, Alhaji."

"Da ka faɗa." Ya tauna goro. "Ƙanena Ma'u zai dawo daga Legas da iyalinsa. Ban san inda zan sa su ba."

Kefas ya san Ma'u ba shi da niyyar dawowa. Ya ce, "Allah ya kawo su lafiya. Zuwa ƙarshen wata zan ba ka mabuɗi."

"Ba gaggawa."

"Na sani, Alhaji."

Ya nemi a mayar da shi Kurfi, aka mayar da shi ba tare da tambaya ba. Ya samu gida a bakin gari, gonaki ta ɓangare uku. Motar ɗaukar shanun Alhaji ce ta kwashe musu kaya. Dina ta shiga sallama da Lauratu, ta daɗe, ta fito idonta jajur da ƙullin daddawa a hannu.

Kefas yana can har yanzu, yana fita ruga da sassafe, yana ɗan taka ƙafar hagu a karkace don fatar ba ta koma daidai ba. Alhaji Manu bai canza likita ba. Duk sanda ya sayo shanu ta wajen Rawayau, sai ya biyo da su ta Kurfi a duba masa kafin su wuce. Sukan tsaya a gindin mota su gaisa da hannu biyu, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a tambayi kasuwa da lafiyar garke. In aka zo inda ake cewa ina iyali, Kefas sai ya sunkuya ya buɗe bakin saniya yana duban haƙoranta, Alhaji kuma ya riƙe masa ƙahon.